Mai Ƙafa Uku

Hannuna ne ya ci amanata.
Sau tara na ɗauki bangon gidan Inna Cima a Birni,
sau tara zanen ya fito
kamar an hango shi ta cikin ruwan randa.
Da rana babu laifi.
Amma ni magariba nake so,
sa'ad da jar ƙasa ke komawa launin taunannen goro,
haske ya ja baya, kyamara ta ce a dakata mata,
ƙirjina kuwa bai san dakatawa ba.

Ran Asabar na shiga Kasuwar Dole
da jika goma sha biyar a aljihun ciki.
Kuɗin gyaran babur ne. Babur ya yi haƙuri.

Zabeiru ya jera mini uku a bakin shago.
Ta fari siririya, ƙafafun balbela,
jika shida, ya ce, har da jakarta.
Na ɗora kyamara, wani mai kura ya gifta,
iskar wucewarsa kaɗai ta sa ta rawa.
Araha dai ba ta ado.

Ta biyu baƙa wuluk,
daga Dubai ko daga Kano, bakinsa bai tsaya wuri ɗaya ba.
Kanta na juyawa kamar an shafe shi da man gyaɗa,
ga ɗigon ruwa a gilashi mai faɗa maka ka karkace.
Jika tamanin.
Na shafa ta yadda ake shafa babban rago ana gobe Layya,
ka san ba gidanku za shi ba.

Ta uku tana jingine bayan kwalaye,
wani mai awon hanya ya bar ta jingina bai dawo ba.
Fenti ya gudu, ƙafa guda an naɗe da robar tayar keke.
Na ɗaga, ta ja mini kafaɗa.

Nan na tuna Malam Kyari na Zango,
wanda ya ɗauki rabin garin nan hoton katin ɗan ƙasa.
Ya taɓa ce mini: kar tsawo ya ruɗe ka,
gwiwa za ka duba,
ta nan suke mutuwa, kamar mu.
Ka gwada kusar da kyamararka tun a kasuwa.
In iska ta taso, rataya mata jakarka a tsakiya,
nauyi ke sa abu ya natsu.

Na buɗe ta, na danna da tafi biyu.
Ba ta ce uffan ba.

Sha huɗu, in ji Zabeiru. Tara, na ce. Albarka.
Muka sha shayi, muka zagi tsadar shinkafa,
ta zama tawa a sha ɗaya.
Wani mai walda a Sabon Gari ya ɗinke mata gwiwa
da dala ɗari biyu da tartsatsi kaɗan.

Da la'asar sakaliya na kafa ta a lungu,
ƙafa ɗaya kan dutse, biyu cikin yashi.
Inna Cima ta leƙo da buta a hannu:
Murhu ka sayo, ɗan nan? To ina tukunyar?
Na ce zauna bakin zaure, Inna, kar ki motsa.
Ta zauna. Na danna. Na janye hannu, na ƙirga huɗu.
A na uku ta juya tana korar akuya.

Ga hoton nan.
Bango ya fito sarai, kowane lanƙwasa, kowane sawun yatsan magini,
har tsagar da damina ta bari bara,
wadda ban taɓa lura ta kai haka ba.
Inna kuwa hayaƙi ce a bakin ƙofa,
zane shuɗi, rabin dariya.

Na koma wurin Zabeiru ran Laraba sayen batir.
Ya ce, ta yi?
Na ce ta riƙe bango.
Tsohuwar ce dai ba ta tsayawa.